Tifar Alhaji ko katin sandika: amsa ga wani direba daga Tawa

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a nan Tawa, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na daɗe ina karen mota a hannun wani ubangidana kafin na samu farmin, wato lasin tuƙin, babbar mota. Da hanyar Kwatano nake bi, amma tun da aka rufe iyaka aikin ya mutu, sai 'yan buge-buge. Yanzu wani Alhaji, abokin mahaifina, yana da tifa uku da ke kai yashi da marmara wani shantiye, wato wurin aikin gina hanya. Ya ce zai ba ni ɗaya, biya a kan sawu, amma ya faɗa mini a fili cewa shi ba ya hulɗa da ɗan sandika, wato ɗan ƙungiyar ƙwadago, wai su ne masu tada fitina. Ubangidana kuwa ya ce kada in taɓa sitiyarin kowa sai na yanki katin sandika, don ranar tsiya kati ne zai tsaya mini. Mahaifina ya ce kada in kunyata shi a gaban abokinsa. Maiɗakina ta ce ita dai abinci ya shigo gida. Ni kuma abin da na sani na sandika a tasha shi ne karɓar kuɗi. Na ji wani babban kamfani zai ɗauki direbobi, amma an ce sai mai hanya. Malam, ina zan sa kaina?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kawo buɗi. Na karanta takardarka na ga mutumin da kowa ke jan rigarsa ta gefe guda, kuma duk masu jan ba maƙiyanka ba ne. Wannan ya fi wuya a kan faɗa da abokin gaba, don wanda ka bi, ka ɓata wa wani da kake jin nauyinsa. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Ba kai kaɗai rufe iyakar Benin tun 2023 ya mayar gida ba, direbobi da yawa da suka saba hanyar Gaya zuwa Kwatano yanzu tifa suke nema, kuma masu motoci sun san haka, shi ya sa suke gindaya sharaɗin da suka ga dama.

Ra'ayina zan faɗa maka tun yanzu, sannan in ba ka dalili. Ka karɓi motar Alhaji idan ya yarda da 'yan abubuwan da zan lissafa maka, kuma ka shiga ƙungiyar direbobi bayan ka bincika ta da kanka. Ba na ganin dole sai ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya. Abin da ya fi damuna a takardarka ma ba katin ba ne, ka ambaci biya a kan sawu ka wuce kamar ba komai, alhali nan ne matsalar take kwance.

Mu fara da doka, don ka san ƙasan da kake tsaye a kai. Kundin dokar aiki na Nijar, wanda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ya hana mai ɗaukar ma'aikaci ya duba ko mutum ɗan sandika ne ko ba ɗan sandika ba ne wajen ɗauka, ko biya, ko kora. Yana cikin aya ta 5, a jere ɗaya da addini da jinsi da asali. Ka lura dokar ta kare ɓangare biyu: ba mai hana ka aiki don kana da kati, ba kuma mai tilasta maka kati kafin ka yi aiki. Wanda ya shiga yana da ikon fita ranar da ya so. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago tun 1961, da ta kare ma'aikaci daga tsangwama saboda ƙungiya a 1962. To sharaɗin Alhaji bai da mazauni a doka.

Amma ni da kai mun san ba za ka kai abokin mahaifinka gaban sufeton ƙwadago a kan maganar da ya yi maka a zaure ba, kuma ko ka kai, cewa zai yi motarsa ce, ya ba wanda ya ga dama. Amfanin sanin dokar a gare ka shi ne ka daina jin kamar laifi za ka aikata in ka yanki kati. Wanda ya san bai yi laifi ba, muryarsa ba ta rawa in yana magana.

Yanzu maganar sandikar kanta. Ka ce abin da ka sani nata karɓar kuɗi ne a tasha, ban kuwa ƙaryata ka ba, akwai inda abin bai wuce nan ba. Sai dai abubuwa uku ne daban ake kira da suna ɗaya. Akwai ƙungiyar masu motoci, su ke tsara layin lodi, su ke zama da hukuma a kan farashi da haraji. Ba zan yi mamaki ba in Alhajinka da kansa yana cikin irin wannan, don mai tifa da ke ɗibar yashi da wuya ya rasa inda yake zuba kuɗin ƙungiya. Wato shi ma ya yarda da haɗa kai, na direbobi ne dai ba ya so. Akwai ƙungiyar direbobi su kansu, kamar SNCRN ta direbobin manyan hanyoyi, ita ce ta masu riƙe sitiyarin da ba nasu ba, ita ubangidanka ke nufi. Sannan a cikin kamfani mai ma'aikata sama da goma akwai wakilan ma'aikata da ake zaɓa, waɗanda ba a korarsu sai da izinin sufeton ƙwadago. A saman duk waɗannan akwai manyan uwayen ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN da CNT, masu zama da gwamnati. Kafin ka ba kowa dala ɗaya, ka san wacce ce a gabanka, don katin masu motoci ba zai yi maka faɗa da mai mota ba.

Hanyar gane ta gaskiya ba wuya. Ka je ofishinsu ka zauna kamar mai hira. Ka tambaya suna ba da rasit in an biya? Ƙarƙashin wace uwar ƙungiya suke? Yaushe aka yi zaɓen shugabanni na ƙarshe? Sannan tambayar da ta fi duka: wane direba suka fitar daga hannun jandarma, ko suka karɓar masa haƙƙinsa, a cikin shekarar nan? In suka ba ka suna, ka nemi mutumin ka ji daga bakinsa, ba a gabansu ba. In aka shiga kame-kame, ka samu amsarka. Ka kuma tambaya ko suna kula da direbobin tifa na shantiye, don wani reshen hankalinsa na kan masu dogon zango kawai, bai san ƙurar ramin marmara ba.

Bari in dawo kan biya a kan sawu, don kai daga doguwar hanya ka fito, aikin tifa wani abu ne daban. A hanyar Kwatano kwana ake lissafawa, a shantiye sawu ake ƙirga, kuma duk wanda ake biya a kan sawu ƙafarsa na nauyi a kan totur ko bai so ba. Mai lodi zai ƙara maka shebur biyu ya ce motar za ta ɗauka. Hanyar ramin yashi ba kwalta, ƙura ta rufe ido, jakuna da amalanke da yara suna ratsawa. A wurin juyewa kana ja da baya tsakanin leburori, ka ɗaga bodi a kan ƙasar da ba ta daddale ba, in marmarar ta jiƙe ta manne a gefe ɗaya motar na iya kifewa tana tsaye, ga kuma wayar lantarki a sama da mutum ke mantawa da ita. In damina ta sauka rami ya cika da ruwa, ba sawu, ba kuɗi. In mota ta kwana huɗu a gareji, kai ne ke zaune wurin bakanike, su ma kwanakin ba kuɗi. Ƙarshen wata kuma a ce gazuwal bai yi daidai ba, a cire daga naka.

Sai ka duba wa kake yi wa aiki. Gwamnati ta ba babban kamfani kwangilar hanya, kamfanin ya yanka wa ɗan kwangila kawo kaya, ɗan kwangila ya ɗauki hayar motocin Alhaji, Alhaji ya ɗora ka. Muddin ana lafiya ba wanda zai tambayi wannan jeri. Ranar da Allah ya kiyaye aka buge wani, ko bodi ya danne maka hannu, kamfani zai ce ba ya da sunanka a takardunsa, ɗan kwangila ya ce mota ya ɗauka haya ba mutum ba, a bar ka da Alhaji, shi kuma ya ce ai taimakon ɗan abokinsa ya yi. Wanda ke kan sitiyari shi ake fara tsarewa. Wannan ranar ubangidanka yake hangowa, kuma ya fi ni sanin ta, ya ga irinta da idonsa. Inda na ɗan saɓa da shi, kati shi kaɗai ba ya isa. Wakilin sandika da ya zo tsaya maka, abin da zai fara nema shi ne shaidar cewa kai ma'aikacin wane ne, tun yaushe, a kan nawa. In ba ka da ita, sai dai ya yi roƙo a madadinka, ba neman haƙƙi ba.

Don haka abin da za ka nema wurin Alhaji takarda ce. Ba sai mai shafi goma ba. Sunanka da nasa, lambar motar, nawa ne sawu, yaushe ake biya, me za a ba ka ranar da mota ta lalace ko ruwa ya hana aiki, wa ke ɗaukar tarar lodi ko ta takardun mota, da yadda za a auna gazuwal. Ka roƙi a sa wani ɗan abu tsayayye na wata, ko kaɗan ne, sawu ya zama ƙari a kai. Ka riƙe a ranka cewa mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 a wata tun Janairu 2024, daga sefa 30.047 da yake a da, kuma wannan na wanda bai da sana'a ne a hannu, ba na mai farmin babbar mota ba. Makon aiki a doka awa 40 ne, abin da ya haura ƙarin lokaci ne. Na san a shantiye ba a duba agogo, amma sanin wannan zai taimake ka wajen ciniki. Ka kuma ga takardun motar da idonka kafin ka tayar da ita: asiransi bai mutu ba, binciken lafiyar mota na nan, birki da tayoyi ka gwada da kanka.

Sai maganar CNSS, hukumar asusun fansho da haɗarin aiki ta ma'aikata, wadda direbobi da yawa ke ɗauka ta ma'aikatan ofis ce. Duk mai ɗaukar ma'aikaci doka ta ɗora masa ya yi masa rajista. Ana cire kashi 5,25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci don fansho, amma kason haɗarin aiki da na alawus ɗin iyali mai aiki ne ke biya shi kaɗai. Direban da ke da lamba a can, in ya ji rauni a bakin aiki akwai magani da diyya, in ya rasu akwai abin da ke zuwa ga matarsa da 'ya'yansa. Wannan sandika ba ta iya ba ka, iyakarta ta matsa a yi maka. Ba zan ɓoye maka ba, mai tifa uku zai iya turjewa a nan fiye da ko'ina. Ko bai yarda yau ba, ka faɗa, a san ka faɗa, ka sake tadawa bayan wata uku in ya ga aikinka.

Kada kuma ka ɗauki Alhaji azzalumi tun ba ka fara ba. Ka duba ta gefensa. Mai yiwuwa bashi ne a kan motocin, taya ɗaya ta tifa kuɗi ne mai yawa, kamfanoni kan riƙe kuɗin masu kawo kaya watanni, shi kuma dole ya sayi gazuwal kullum da kuɗi hannu. In direbobi suka ajiye makulli kwana uku, ɗan kwangila zai kira motocin wani. Watakila ma an taɓa yi masa haka. Abin da yake tsoro a tsayar masa da mota ne, ba wata 'yar takarda a aljihunka ba. To ka yi magana da tsoron nasa. Ka ce masa, Baba Alhaji, motarka amana ce a hannuna, in ina da kuka kai zan fara kawo wa, ba zan ajiye maka mota a hanya ba. Katin direbobi kuwa, ranar da aka tsare motarka a shinge ko aka yi haɗari, mutanen da za su zo da ni su ne za su taimaka motar ta fito da wuri. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba, kuma masu motoci da yawa sun san ta.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka yi masa ƙarya. Kada ka yanki kati a ɓoye ka rantse masa ba ka da shi. Tawa ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan, a wurin shayi zai ji, kuma ranar da ya ji ba maganar sandika za a yi ba, maganar cin amana za a yi, ta shafi mahaifinka. Yau ba ka da kati, to in ya tambaya gaskiyarka ke nan. Amma kada ka ɗaukar masa alkawarin ba za ka taɓa shiga ba. Ka ce za ka duba, kuma in za ka shiga shi zai fara ji.

Mahaifinka kuma ka same shi shi kaɗai, bayan sallar isha, ba a gaban kowa ba. Shi zumuncin shekaru yake karewa, kuma yana da gaskiya. Ka nuna masa cewa abin da ke kashe irin wannan zumunci shi ne kuɗin da ba a rubuta ba, wannan ya ce sawu talatin, wancan ya ce ashirin da biyar, a wayi gari dattawa biyu ba sa gaisawa. Ai ko a Alƙur'ani ayar da ta fi kowace tsawo ta rubuta bashi ce, a cikin Baƙara. In ya gamsu, ka roƙe shi ya raka ka wurin Alhaji, shi ya kawo maganar takardar da bakinsa. Daga bakinka za ta iya zama rashin kunya, daga bakinsa shawara ce tsakanin abokai. Ubangidanka ka je ka gode masa, ka gaya masa tsarin da ka yi, ka ce ya kai ka wurin mutanen ƙungiyar da ya yarda da su. Maiɗakinka kuwa ba ta ce komai ba sai abin da tukunya ta ce mata. Ka faɗa mata nawa ake sa rai, ka faɗa mata watannin damina za su yi ƙasa, ku fara ajiye wani abu tun rani.

Tun ranar farko ka sayi ɗan littafi ka ajiye a mota. Kwanan wata, sawu nawa, daga ina zuwa ina, lita nawa aka zuba, nawa aka ba ka. In ana ba da takardar shaidar juye kaya a shantiye, ka ɗauki hotonta da wayarka kafin ka miƙa. Mutane na raina wannan, amma a gaban sufeton ƙwadago littafin da aka cika kullum yana da nauyi. Shi sufeton akwai ofishinsa a Tawa, kuma ba sai da rigima ake zuwa ba, kana iya shiga ka yi tambaya a kan takardarka kafin ka sa hannu. In rigima ta taso, wurinsa ake fara neman sulhu kafin a je kotun ma'aikata, ɗan sandika da wanda ba ɗan sandika ba duk ƙofar a buɗe take.

To in Alhaji ya ƙi takarda, ya ƙi kati, ya ce amana kawai? Nan sai ka auna da yunwar gidanka, ni ba zan ce ka bar 'ya'yanka da yunwa don wata ƙa'ida ba. Kana iya karɓa na ɗan lokaci, ka sa wa kanka wa'adi, littafinka na hannunka, kana neman wani. Amma in motar ba asiransi, ko birkinta na wasa, wannan kada ka hau ko mahaifinka ya yi fushi, fushinsa zai huce. Haka in shantiyen yana can arewa wajen Tiliya ko Tasara, inda aka kafa dokar ta-ɓaci tun 2017, ka tambayi yadda tsaro yake da inda ake kwana kafin ka amsa.

Maganar babban kamfani kada ka yar da ita don an ce sai mai hanya. Ka je ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ka yi rajistar mai neman aiki ka karɓi katinta, don kamfanonin da ke ɗauka a bisa tsari suna nemansa. Ka haɗa kwafin farminka, da takardar shaidar aiki daga wanda ka yi wa tuƙin Kwatano, in ba ka karɓa ba ka koma ka karɓa, haƙƙinka ce. Ka kai da kanka ofishin shantiyen, ka riƙa leƙawa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, ka riƙe kuɗinka. A irin wannan kamfani ne sandika ta fi amfani, don akwai albashi a rubuce, akwai wakilan ma'aikata, akwai wanda za a zauna da shi a teburi. Sai dai aikin shantiye yana ƙarewa da ƙarewar shantiye, waɗanda suka yi aikin Tawa Sakola, gyaran gari na bikin Jamhuriya a 2017, za su gaya maka yadda gari ya yi tsit bayan biki. Shi ya sa in hali ya samu ka ƙara farmin tirela a kan naka, ko ka lallaɓa wurin masu tuƙin katafila ka koyi hannu. Jihar da ke da simintin Malbaza da hanyar Agadas ba za ta daina neman mai ɗaukar kaya ba.

In ka shiga ƙungiyar, kada ka zama mai biyan kuɗi ya tafi. Ka je taro, ka nemi a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ka karɓi rasit kowane lokaci. Wata rana za a kira yajin aiki, ranar kuma za ka tsinci kanka tsakanin abokan sana'a da alkawarin da ka yi wa Alhaji. In ta zo, ka sanar da shi tun da wuri, ka kai masa motarsa gida lafiya da makullinta, kada ka bar ta a hanya, kada ka sa hannu a tare wani ko fasa gilashin wani. Da haka ka cika masa abin da ka ce, ba ka kuma ci amanar 'yan'uwanka ba.

Wannan makon ka fara da mahaifinka, sannan ofishin ƙungiyar, sannan Alhaji. In kun zauna, ka rubuto mini abin da ya ce a kan kuɗin ranar da mota ba ta fita ba, daga nan za mu san ko a tsaya ko a ci gaba da nema. Ka gaishe da ubangidan naka da mutanen gida.